Ranar da Rediyon Baba Mailafiya Ya Ɗauke

Laraba, 6 ga Satumba 2017, bayan La'asar

Don sunayen maruwaita hadisi na ware littafin nan, ga shi zan buɗe shi da zancen rediyo.

Yau muka kai wa Gwaggo Hure gaisuwar Sallah a unguwar Mansur. Mun makara, don aikin tafinta da nake yi wa alhazai bai sake ni ba sai jiya. Ƙanwar mahaifin Rabi'a ce, ita kaɗai matata take da ita a nan Makka. Shekara ashirin da shida ke nan da suka zo Hajji ita da mijinta, Baba Mailafiya, ba su koma ba. Ba su da iƙama, takardar izinin zama. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ita tana tuyar masa da safe a bakin lungu. Shi kuwa tun da ciwon suga ya taɓa masa ido da ƙafa ya daina saukowa, don gidan a kan dutse yake. Matakala saba'in da ɗaya, na ƙirga ina saɓe da 'yata Minna.

Muna cin abinci wajen ƙarfe uku rediyon Baba ya ɗauke. Tsohon rediyo ne mai gajeren zango, wuni yake yi yana murɗa shi. Tashoshin cikin gari suna magana, na nesa ne suka mutu gaba ɗaya. Ya sake batir, ya bubbuga, shiru.

Ya ce, "Malam Abdulwadud, kai da ka yi boko kafin ka tuba, me ya sami abin nan?"

Haka yake tsokanata kullum. Na ce masa can sama, nesa da inda jirgi yake bi, akwai wani rufin iska mai ɗauke da lantarki. Muryar tashar nesa shi take bugowa ta dawo ƙasa. In rufin ya rikice sai murya ta ɓace, kuma yawanci rana ce take rikita shi.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma shekara shida rabon da wani ya tambaye ni abin da na karanta a Zariya, sai bakina ya yi daɗi. Na ce a digirina na biyu na bincika ko rufin nan yana canjawa kwanaki kaɗan kafin girgizar ƙasa, don wasu masana suna ganin duwatsun da ke matse a ƙarƙashin ƙasa suna sakin wani abu da yake kaiwa har can.

Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce, "Girgizar ƙasa kuma?"

Na ce bincike ne kawai, ba a tabbatar ba. Kafin mu sauko rediyon ya dawo.

Alhamis, 7 ga Satumba, da hantsi

Na aika wa Mukhtaru saƙo. Tare muka yi binciken nan. Ni na bari na taho karatun addini, shi ya zauna, yanzu koyarwa yake yi a jami'a. Ya ce rana ce ta yi aman wuta jiya, irin wanda aka shekara goma ba a gani ba. Hankalina ya kwanta.

Sai kuma ya ƙara da cewa, "Amma akwai abin da nake kallo ta wajenku tun kafin ranar ta yi aman. Bari in gama haɗawa."

Ban tambaye shi ko mene ne ba. Na so in tambaya.

Juma'a, 8 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

An yi girgizar ƙasa mai ƙarfi a Meziko da safiyar nan, da agogonmu. A hanyar Harami Baba Mailafiya ya kira ni.

"Malam, ka ji? Kwana biyu cur. Yadda ka faɗa."

Na ce, "Baba, ban faɗa ba. Kuma Meziko tana bayan duniya, ina ruwanta da rediyonka."

Ya ce, "Ai sama ɗaya ce."

Sama ɗaya ce mana. Amma ba haka abin yake ba. Na san ba haka yake ba. Liman na huɗuba ina ta juya maganar, har aka tayar da salla ban kama komai daga huɗubar ba.

Asabar, 9 ga Satumba, da azahar

Hannun ƙofa ya ja ni kamar wutar lantarki sau uku yau. Na'urar sanyaya ɗaki ce ta busar da iska, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Duk da haka na rubuta.

Lahadi, 10 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Rabi'a ta miƙo mini wayarta. Saƙon murya ne, wata mata da ban sani ba, da Hausar Sakkwato gauraye da Larabci. Wai wani babban malamin kimiyya, ɗan Najeriya, da yake karatu a nan Makka, ya hango girgizar Meziko kwana biyu kafin ta auku, kuma ya ce ta gaba a nan kusa za a yi, duk wanda gidansa yake kan dutse ya yi hattara. A ƙarshe ta ce, "Wallahi ya jama'a, ku yaɗa."

Na saurara sau huɗu. Ba a ambaci sunana ba.

Na bi salsalar maganar kamar yadda aka koya mana bin hadisi. Matar ta ji daga mai baƙala, wato ɗan kantin da ke ƙasan lungun su Gwaggo. Mai baƙala ya ji daga wani tela da yake hawa hira wurin Baba. Tela ya ji daga Baba. Baba ya ji daga gare ni. Mutum huɗu, ba maƙaryaci ko ɗaya a ciki, kuma maganar da ta fito ba tawa ba ce. "A nan kusa" ɗin nan ban san bakin da ya haife ta ba.

Rabi'a ta ce, "Abban Minna, ka yi naka saƙon mana, ka ce ba haka ba ne."

Na ɗauki waya na fara. Na ce ba wanda ya isa ya san ranar girgizar ƙasa, wannan gaskiya ne. Na zo zan ce babu komai a nan, sai maganar Mukhtaru ta faɗo mini. Na goge. Na ce mata sai anjima.

Litinin, 11 ga Satumba, bayan Azahar

Taswirar Mukhtaru ta iso. Ya haɗa ta ne daga saƙon taurarin ɗan'adam, tana nuna yawan lantarkin da ke rufin saman. Shuɗi ko'ina, sai jan tabo ɗaya a kan Bahar Maliya, gefensa ya taɓo gaɓar da ke yamma da mu. Ya ce kwana bakwai ke nan yana fitowa wuri ɗaya, kuma abin da rana ta jawo ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na ce jiya da magariba ma rana ta sake yin aman, sama duk a hargitse take, ta yaya zai ware wannan daga wancan? Na ce na'urori nawa ne a yankin nan da ya dogara da su? Ya ce biyu. Na ce biyu ba sa yin taswira. Ya ce, "Da can ba haka kake magana ba."

Gaskiyarsa. Da can ni ne mai ganin tabo.

Ƙarƙashin tekun nan a tsage yake, wannan ba Mukhtaru ne ya ƙirƙira ba, a aji aka koya mana. Kuma ban manta da shekarar da aka kwashe mutanen wani gari a arewacin Yanbu saboda ƙasa ta yi ta motsi ba. To amma wannan ba ya nufin komai game da makon nan. Ko yana nufi?

Na rufe wayar na buɗe ta ya fi sau ashirin. Tabon yana nan.

Talata, 12 ga Satumba, da hantsi

Na tsaya bayan darasi na gaya wa malaminmu, dattijon da yake karantar da mu ilimin maruwaita. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Abin da ke hannunka yaƙini ne, ko zato mai rinjaye, ko shakka?"

Na ce ban san sunan da zan ba shi ba.

Ya ce, "In da mutum ne ya kawo maka labarin, za ka karɓi ruwayarsa?"

Na ce wani lokaci yana faɗin daidai.

"Sau nawa yake kuskure?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Ya ce in na samo amsar in dawo. Ya ce tsorata Musulmi ba da hujja ba laifi ne, ɓoye musu abin da zai cece su shi ma laifi ne, kuma ba zai zaɓar mini ba don bai san wannan ilimin ba. Na fito da kaya biyu maimakon ɗaya.

A unguwar Misfala wani alhaji ɗan Gusau, cikin waɗanda na yi wa tafinta, ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, ko ya nemi a matso masa da jirginsa. Bai san ni ne ba. Na ce ya bar jirginsa inda yake. Shi na iya ba shi amsa kai tsaye, ban san dalili ba. Wataƙila don otal ɗinsa ginin ƙarfe ne.

Laraba, 13 ga Satumba, bayan La'asar

Gwaggo ta aiko in zo, na je ni kaɗai. Gida uku a lungunsu sun kulle, sun koma wurin 'yan'uwa. Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini tsagar da ke bango, daga taga har ƙasa. Yatsana ya shiga. Ta ce ta shekara tara a haka. Bulo ne aka ɗora a kan dutse, ba ginshiƙi ko ɗaya.

Baba daga ciki yake cewa, "Ni fa Makka na zo in mutu. In ƙasa ce za ta karɓe ni da wuri, ahlan wa sahlan."

Ta ce, "Ka ji shi. Mutumin da ba ya iya sauka matakala ko an riƙe shi."

Ta ce tana da ƙawa, Saudatu, a wani ƙauye ta hanyar Jumum. Fili ne, ba dutse, gidan ƙasa ɗaya. Amma shekara goma sha ɗaya rabonta da ta wuce Harami, saboda shingayen bincike, kuma bayan Hajji an fi tsanantawa.

Ta rako ni bakin matakala. Ta ce, "Malam, kai ne mai ilimin. Mu zauna ko mu matsa?"

Na ce, "Gwaggo, Allah ne masani. Ni ban sani ba."

Mun ɗan ƙara magana. Na sauko.

Alhamis, 14 ga Satumba, da azahar

Gwaggo ba ta yi tuya ba yau. Ta fita da sassafe ta duba ɗakin da Saudatu za ta ba su, ta ce wa Baba kafin La'asar ta dawo.

Alhamis ɗin dai, gab da Magariba

Wayarta a kashe.

Juma'a, 15 ga Satumba, da safe

A kashe. Saudatu ta ce ba ta iso ba.

Rabi'a ta kwana a Mansur wurin Baba. Na kai musu burodi da ful, dafaffen waken nan. Tuwon da Gwaggo ta tuƙa kafin ta fita yana cikin kula, malmala huɗu, ta jera masa allurarsa ta suga a kan faranti yadda hannunsa zai kai. Baba bai kunna rediyo ba. Ya ce in duba masa ko takalmanta na fita suna nan, wai ko ba ta tafi da nisa ba. Ba sa nan.

Tsagar bangon tana yadda take. Na sa yatsa na gwada. Ban san abin da nake nema ba.

Asabar, 16 ga Satumba, bayan Azahar

Direban da ya ɗauke su ya yi magana da tela. Su biyar ne a motar. An tsayar da su a shingen bincike kafin su fita gari, aka sauke uku, har da Gwaggo.

Tana da rai, lafiyarta ƙalau. Wannan na fara gaya wa Baba, na maimaita masa sau biyu kafin in faɗi sauran. Ya ce, "Tarhil ke nan." Na ce e. Gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Can ya ce, "Ba ta tafi da maganin hawan jininta ba."

Litinin, 18 ga Satumba, da yamma

Na je da maganin da kaya kala biyu. Na wuni a layi. Jami'in da na samu bai yi mini wulaƙanci ba, ya karɓi maganin, ya rubuta sunanta, ya ce ganin ido sai dangi na jini masu takarda. Na ce matata 'yar ɗan'uwanta ce. Ya ce ta zo da kanta ranar Laraba. Na ce akwai hanyar da za a sake ta? Ya dube ni ya ce, "Ya shaikh, an riga an ɗauki hoton yatsunta. Khalas."

A mota ina dawowa na kama kaina ina kallon sama ta taga. Fari fat, ba ko gajimare. Abin da nake nema ba a ganinsa da ido, na fi kowa sani. Kilomita ɗari uku ne a sama.

Mun sauko da Baba zuwa gidanmu. Mutum biyu suka taya ni, a kan kujera muka ɗauko shi. Bai yi gardama ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

An sake yin girgiza a Meziko jiya, wannan karon a babban birninsu. Gine-gine sun rufta da mutane, har da makaranta.

Mukhtaru ya kira tun ban karya ba. Wai ya koma kan bayanan can, ya ga alama kwana uku kafin ta farko, kwana biyar kafin ta biyu. Wai mu rubuta takarda tare, ya sa sunana.

Na ce, "Jan tabon namu fa?"

Ya ce ya baje tun ranar Juma'a.

"To me ya zama?"

Ya ce wataƙila ƙarfin ya saki a hankali, ko kuma yana nan tafe, irin wannan yakan kai wata guda.

Na ce, "Mukhtaru, in an yi girgiza ka ce alama ta yi gaskiya. In ba a yi ba ka ce tana tafe. Yaushe ne alamar take yin ƙarya?"

Ya ce ni dai tun da na koma karatun addini na tsani kimiyya. Na ce ba kimiyya na tsana ba. Na gaya masa abin da ya sami Gwaggo. Ya yi salati, ya ce shi bai ce kowa ya bar gidansa ba.

Bai ce ba. Gaskiya ne, shi bai ce ba.

Laraba ɗin, bayan La'asar

Rabi'a ta gan ta, minti goma, ta bayan gilashi. Ta ce ta rame amma ba ta yi kuka ba. Ta tambayi allurar Baba, ta tambayi kaskon tuyarta, ta ce a ba Saudatu haƙuri ta sa ta gyara ɗaki a banza.

Na ce, "Ta ambace ni?"

Rabi'a ta ce, "Me zai sa ta ambace ka?"

Alhamis, 21 ga Satumba, ɗaya ga Muharram

Sabuwar shekara. Ƙasa ba ta motsa ba.

Asabar, 23 ga Satumba, da hantsi

Ban je darasi ba. Na tono tsohon kundina daga cikin kwamfuta. Girgiza ashirin da biyu na bincika a lokacin, na sami alama kafin goma sha huɗu. Na tuna yadda na yi murna da wannan goma sha huɗun, har na kira mahaifiyata.

Yau na yi abin da ban yi ba shekara bakwai da suka wuce. Na ɗauki shekara guda ta wuri ɗaya, shekarar da ba a yi girgiza ko ɗaya a wurin ba, na bi ta da ma'aunin da na yi amfani da shi. Alamar ta fito sau arba'in da ɗaya.

Na sake lissafawa. Arba'in da ɗaya.

Wannan ba ya nufin babu komai a cikin maganar. Akwai masu binciken da suka fi ni kayan aiki da haƙuri, wataƙila wata rana su ware ta gaskiya daga ta banza. Amma ni, da abin da ke hannuna, mai ruwayata yana ihu sau arba'in da ɗaya a shekarar da ba abin da ya faru. Amsar da malaminmu ya ce in samo ke nan. Tana cikin kwamfutata tun ranar da ya tambaya. Tun kafin Larabar da na je wurin Gwaggo. Awa biyu kawai ta ɗauke ni.

Duk da haka da Minna ta ja kujera a falo ɗazu sai da na dafa bango.

Lahadi, 24 ga Satumba, da azahar

Na yi saƙon muryar, da sunana da sunan mahaifina. Na ce ni ne wanda ake nufi, ban hango ta Meziko ba, ba wanda ya iya sanin rana ko wuri, kowa ya zauna a gidansa. Rabi'a ta tura. Tela ya ce mutane sun ce an tilasta mini ne in janye. Gida biyu sun dawo, ɗaya bai dawo ba.

Talata, 26 ga Satumba, bayan La'asar

Baba ya ce in kai shi ofishin jawazat, na shige da fice, ya ba da kansa. An yi sanarwar afuwa, wanda ba shi da takarda zai iya fita da ƙafarsa ba tare da an tsare shi ba. Na ce, Baba, kai da ka ce nan ka zo ka mutu.

Ya ce, "Na faɗa. Amma ban taɓa lissafa cewa ba tana kusa ba."

Ya ce tun suna da shekara ashirin ba su taɓa yin sati biyu ba a ɗaki ɗaya ba. Ya ce a Kano ba wanda ya rage mata sai 'ya'yan 'yan'uwa da ba su san fuskarta ba, gidan mahaifinta ma an raba an sayar. "Wa zai tare ta a filin jirgi?"

Rabi'a tana kicin tana jin mu. Da Baba ya shiga alwala ta fito ta tsaya a kaina.

"Abban Minna, Gwaggo ba ta fita unguwa. Ko bikin sunan Minna da ƙyar ta zo. Saƙon murya ba zai fitar da ita ba, ta san daga bakin Baba ya samo asali. Ran Laraban nan da ka je, me kuka yi da ita?"

Na ce ta tambaye ni, na ce ban sani ba.

Ta ci gaba da kallona.

Zan rubuta a nan tunda na riga na faɗa mata. A bakin matakala, bayan na ce ban sani ba, Gwaggo ta ce, "Na ji. Amma in kai ne, da iyalinka a cikin ɗakin nan?" Na waiwaya na kalli bangon. Na ce, "In ni ne, da na ɗan matsa na kwana biyu."

Rabi'a ta juya. Ta koma kicin. Na ji ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Alhamis, 28 ga Satumba, da safe

Rabi'a tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Ina ta auna maganar. Ba ƙarya na yi ba, in ni ne da na matsa. Amma ni ina da iƙama a aljihu, in na matsa ba abin da zai same ni a hanya. Na kalli bango, ban kalli hanya ba. Gwaggo kuwa ta gaya mini zancen shingayen da bakinta, minti biyar kafin nan.

In kuma da an yi girgizar fa? Da yanzu ni ne wanda ya cece su. Magana ɗaya, mutum ɗaya. Ban san yadda ake auna irin wannan ba.

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan Azahar

An karɓi takardun Baba. Sun ce mako biyu ko uku. Ban gaya masa abin da na gaya wa Rabi'a ba. Na fara sau biyu, yana katse ni da zancen wace riga zai sa a jirgi.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da hantsi

Lambar Najeriya ta kira wayata muna karyawa. Gwaggo ce, da wayar wata mata da suka sauka tare. Jiya aka kawo su Kano. Tana gidan ɗan yayarta a Kurna. Ta ce garin ya cika da gadoji, ba ta gane ko'ina ba, yaran gidan suna ce mata Hajiya 'yar Makka suna dariyar Hausarta.

Muka gaisa, ta tambayi Minna. Sannan ta ce, "Malam, girgizar ta zo?"

Na ce, "Ba ta zo ba, Gwaggo."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ce alhamdu lillahi. Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "To yanzu da ba abin da ya rage, gaya mini tsakaninka da Allah. Da ma tana tafe aka kawar, ko ba ta taɓa tasowa ba?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Da haka ka ce mini ran nan."

Na ce, "Haka na ce, Gwaggo."

"Ka ce. Sannan ka ƙara."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, kamar dai tana gyara mini lissafi. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ni na matsa maka ka ƙara ɗin. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ni maigida, katin matar nan zai ƙare."

Baba yana ta miƙo hannu tun da ya ji muryarta, yana laluben iska. Na sa masa wayar a tafin hannu, na kai masa ita kunne. Rabi'a ta matsa kusa da shi. Ni na ɗauki takalmina na fita, na zauna a kan matakalar bene har suka gama.